Kiwon Lafiya: Ƙafa Ma Tana Da Hakki

Ran Salla mutum yakan fito da riga mai aska takwas da hula ta kuɗi masu yawa, amma in aka duba ƙasa sai a iske silifa wadda dunduniyarta ta cinye, an tokare igiyarta da ƙusa. Haka akasarin jama'a suka ɗauki ƙafa, baiwa ce da ba a tunawa da ita sai ranar da ta ƙi tashi. Alhali kuwa ƙafa guda tana da ƙasusuwa 26, watau biyun suna ɗauke da 52 daga cikin 206 na jikin baligi, kashi ɗaya bisa huɗu ke nan.

Manomi shi ne ya fi kowa biyan kuɗin wannan sakaci. In kaka ta yi, kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa, takan laɓe ƙarƙashin dami da tarin gyaɗa, kuma sau da yawa inda take sara shi ne ƙafa ko idon sawu. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai a ga dasashi yana zubar da jini, raunin kuma ya ƙi tsayawa. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe shi ne shaida, gama a lokacin shuka da girbi ne ya fi cika. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Takalmin roba mai dogon wuya, irin wanda ke kaiwa ƙwauri, zai tare da yawa daga cikin irin wannan sara. Manoma sukan ce yana da zafi da nauyi, kuma ba ƙarya suka yi ba, amma fa kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin allurar kashe dafi ba.

Yara kuwa, tasu ta ɓoye ce. Akwai tsutsar ciki wadda ke ƙyanƙyashewa a ƙasa mai laima inda aka yi bahaya, ta huda fatar ƙafa ta shiga, har ta isa hanji tana shan jini. Sai yaro ya yi fari fat, a yi ta neman dalili.

Wanda lamarin ya fi yi wa tsanani shi ne mai ciwon sukari. In ciwon ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma rage gudun jini zuwa yatsu. Ƙaya ta soke shi bai sani ba, tsakuwa ta wuni cikin takalminsa bai ji ba. Da hunturu ma ya miƙa ƙafa ga kaskon garwashi, fata ta ƙone yana ta hira. Ɗan rauni kamar ƙwayar gero sai ya zama gyambo, gyambo ya ci har ƙashi, daga nan sai likita ya fara zancen yankewa. Abin takaici, ba a zuwa asibiti sai an gama shafe-shafen gida, ƙafa ta fara wari.

Saboda haka wajibi ne irin wannan mutum ya duba ƙafarsa kowace rana, har tafin da tsakanin yatsu. In idonsa ya yi rauni, ya sa ɗa ko mata su duba masa. Bayan alwala ya tsane tsakanin yatsun sarai. Kaushi da faso ya bi su da man kaɗanya, kada ya kusance su da reza. Masu yankan farce na bakin kasuwa kuwa, duk da iya hannunsu, aska ɗaya ce ke zagaya mutane da dama, gara ya haƙura da su. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, ko da a tsakar gidansa ne.

To, wane ne takalmin kirki? Ba mai tsada ba ne lalle, ko da yake araha ba ta ado. Wanda ya ba yatsu wurin motsi ne, aka bar kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsa da bakinsa, tafinsa kuma da kaurin da ƙusa ba ta ratsa shi. Fata ta fi danƙo, don tana shan iska, kuma dukawan ƙasar nan sun iya ɗinka ta daidai ƙafar mutum in ya je suka auna. Takalmin yaro kada a saye shi cif, ƙafarsa girma take yi.

A saye shi da la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, a gwada duka biyun a tsaye, a ɗan taka. Mai sayarwa zai rantse cewa in an sa zai saki. Kafin ya saki ɗin, ya riga ya saɓule dunduniya.