Shekarar 2023: Rabon Zango a Binciken Masana

Mun saba idan shekara ta ƙare mu ƙirga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, da aurarrakin da aka ɗaura, da yadda farashin shinkafa ya hau a kasuwar Nima. Bana muna so mu ƙara lissafi guda, wato abin da masana kimiyya suka cim ma a 2023 da rabon da ya faɗo mana a ciki.

Shekara ce mai yawan labari. Ranar 23 ga Agusta, Indiya ta sauke kumbonta Chandrayaan-3 kusa da ƙuryar kudancin wata, inda babu ƙasar da ta taɓa sauka. Bayan wata guda, wani kumbon Amurka ya jefo ƙura da tsakuwar da ya ɗebo daga dutsen sararin samaniya mai suna Bennu. A Oktoba kuma aka ba Katalin Karikó, 'yar wani mahauci daga Hungary, da abokin aikinta Drew Weissman kyautar Nobel, saboda binciken da aka gina wasu alluran korona a kansa. Waɗannan mun ji su a rediyo, mun jinjina kai, mun ci gaba da harkokinmu. Akwai biyu kuwa da suka shigo har cikin ɗakunanmu.

Na farko shi ne allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, wadda masanan Jami'ar Oxford suka haɗa. A watan Afrilu, Gana ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta amince da ita, domin yara 'yan wata 5 zuwa 36, kuma ranar 2 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da ita. Wanda ya kwana kusa da babban magudanar ruwan da ta ratsa Nima da Mamobi ba ya buƙatar a yi masa bayanin sauro. A 2022 kaɗai cutar ta kashe mutum kusan 608,000 a duniya, mafi yawansu ƙananan yaran Afirka. Sai dai allurar sau uku ake yin ta, a ƙara ta huɗu bayan shekara, kuma ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro. Uwar da ta kai ɗanta sau ɗaya ta daina zuwa awo ta bar gini ba rufi.

Na biyu ya fi ban mamaki, ya kuma fi ban takaici. A Nuwamba Ingila ta amince da Casgevy, maganin amosanin jini, wato sikila, Amurka ta bi sahu ranar 8 ga Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara wani gurbi a cikin rubutun halittarsu domin su koma yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje, sannan a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne kan mutum guda. A Gana kuwa, kusan jarirai biyu cikin kowane ɗari da wannan cuta ake haihuwarsu. Mun san su. Su ne yaran da ke kwana suna kukan ƙashi idan hunturu ya kama, su ne da dama daga cikin waɗanda kakanninmu suka kira 'yan wabi. Farfesa Felix Konotey-Ahulu ya shafe shekaru a Korle Bu yana nuna cewa gado ne daga uwa da uba.

Maganin dala miliyan biyu ba zai iso Zango gobe ba, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gatarinmu shi ne gwajin jini kafin aure. Idan saurayi AS ne, budurwa ma AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan lissafi bai san asali ko yawan sadaki ba, kuma kuɗin gwajin bai kai na turmin atamfa guda a cikin lefe ba.

Mun ji masu cewa gwaji tonon asirin dangi ne, yana kuma kashe wa 'ya'ya mata kasuwa. Tsoronsu yana da tushe, domin mun ga inda aka fasa aure ana saura kwana uku, aka bar yarinya da abin faɗa. Laifin na lokaci ne da na baki. A yi gwajin tun kafin a kai gaisuwa, sakamakon ya tsaya tsakanin gidaje biyu. A kuma sani cewa mai AS lafiyayye ne, idan ya auri AA ba za su haifi SS ba. Masu cewa komai ƙaddara ne kuwa, malaman da suka karantar da mu ƙaddara su ne suka karantar da mu a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali.

Saboda haka muna roƙon limamanmu da sarakunan Zango, daga Nima zuwa Sabon Zango da Fadama, su riƙa tambayar waliyyai ko an yi gwaji, kamar yadda suke tambayar sadaki da shaidu. Muna roƙon iyaye mata su riƙe katin awo da muhimmanci, idan allurar ta iso asibitocinmu su cika ta huɗu cif. Iyaye maza kuma, idan yarinya ta ce ajin kimiyya take so, kada a ce ya yi mata nauyi. Cibiyar bincike ta Noguchi tana nan Legon tun 1979, tafiyar mota guda daga gidajenmu, kuma 'yar mahauci ce ta karɓi Nobel a 2023. Mahauta kuwa ba mu rasa su a Zango ba.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.