Daga Tsakar Gida: Shuka a Bokiti da Fita Shan Iska

A wannan wata za mu ajiye maganar kasuwa, mu taɓo wadda yawancinmu ke ɗauka ta marasa aikin yi ce, wato yadda mutum ke kashe lokacin hutunsa. In ka tambayi magidanci a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango inda ya je ranar Lahadi, amsar ba ta wuce uku: suna, biki ko ta'aziyya. Duk zumunci ne, ba mu raina ba. Amma yaranmu fa? An haife su a Ankara, sun girma a Ankara, ba su san komai na garin ba sai hanyar makaranta. Jikokin manoma ne, amma da yawansu ba su taɓa ganin iri ya tsiro ba.

Mu fara da na cikin gida. Wani zai ce ina fili, gidan haya ne, tsakar gida kuma siminti. To, tsohon bokiti ya isa, ko galan ɗin ɗibar ruwa da ya tsage, ko buhun shinkafa. A huda gindinsa wuri huɗu ko biyar don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a zuba tsakuwa kaɗan, sannan a cika da baƙar ƙasa kashi biyu, busasshen kashin awaki kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, a kiyaye.

Mafi sauƙin shukawa su ne alayyaho da ayoyo, wanda mutanenmu na Kano ke kira lalo. Alayyaho kan kai tsinka cikin wata guda, ayoyo kuwa kamar sati shida. Irin ayoyo yana da taurin kai, saboda haka a ƙulle shi a ƙyalle a tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan kafin a shuka. Barkono da tumatir suna son bokiti mai zurfi da rana sosai. Ruwan wanke shinkafa da na alwala duk sun yi, ban da mai sabulu. A ɗora bokitin bisa benci saboda awaki da kaji, kada kuma a bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa ya tara sauro. A nemi izinin mai gida tukuna. A ba kowane yaro bokitinsa, shi zai yi ban ruwa safe da yamma. Ranar da aka kaɗa miyar tuwon zafi da ganyen da ya shuka, za ku ga yadda zai riƙa tafiya.

Sai fita. Daga Madina akwai trotro zuwa Aburi, bisa tsaunukan Akwapim, inda aka buɗe lambun itatuwa tun 1890. Wuri ne mai sanyi, ga inuwa, ga ciyawar shimfiɗa tabarma. Daga wannan lambu aka riƙa raba wa manoma dashen koko. A Mampong kuwa, nan kusa, akwai gonar Tetteh Quarshie, wanda ya shuka koko a 1879. Yaro ya karanta wannan a littafi, amma gani ya kori ji. A dafa wake da shinkafa a gida, a haɗa kuɗin mota gida biyu ko uku. 'Yan'uwanmu na Kumasi su ma ga gidan namun daji da Cibiyar Al'adu kusa da Kejetia.

Akwai kuma wurin da muke wucewa a mota muna kallonsa kamar na wasu, wato Gidan Wasanni na Ƙasa da aka buɗe a 1992. Nan ne mazaunin ƙungiyar makaɗan ƙasa da aka kafa a 1959, zamanin Kwame Nkrumah, ƙarƙashin Philip Gbeho, wanda ya tsara kiɗan taken ƙasa. Sukan buga kiɗan Turai na da, sukan kuma buga na gida. Wanda ya san goge ba zai yi baƙunta ba, don gogen ne, sai dai nasu tsirkiya huɗu gare shi, kuma mutum da yawa ke gogawa tare kamar hannu ɗaya. A tambayi ranar wasa da wurinsa, a isa da wuri, a kashe waya, a yi shiru sai an kai ƙarshe sannan a tafa. Ba a liƙi a can, kuɗin tikiti ya wadatar.

Jama'a, kakanninmu suna fataucin goro a Salaga tun ba a dasa itace ko ɗaya a lambun Aburi ba. Da harajinmu ake riƙe waɗannan wurare. In muka ci gaba da tsayawa bakin ƙofa, yaranmu za su tashi suna ganin kansu baƙi a ƙasar haihuwarsu. Kada mu jira sai Salla.

Duk wanda ya gwada bokiti ɗaya, ya rubuto mana yadda ta kaya. Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.