Lambobin da ke cikin wayarka, ina kwafinsu?



Duk wanda ya zauna a Kudu ya san cewa wayarmu ita ce ofishinmu. A cikinta lambar dillalinka na Mile 12 take, da ta direban da zai ɗauko maka albasa daga Aliero, da jerin masu bashinka, da ranar da za a yi taron ƙungiya. Ranar da ta faɗi a cikin danfo ko aka fizge ta a Oshodi, kuɗin wayar ne ƙaramar asara.

Mun ga haka da idonmu a daminar bara. Wani ɗan'uwanmu mai aikin gadi ya rasu da dare, Allah ya jiƙansa. Wayarsa a kulle take, ba wanda ya san lambar buɗe ta. Wakilin unguwarsu shi ne ke riƙe da lambar yayansa da ke gida, amma an sace wayar wakilin mako guda kafin nan, kuma duk abin da ke ciki ya tafi da ita. An yi jana'iza yadda addini ya tanada, sai dai iyalinsa ba su ji labari ba sai bayan kwana biyu, ta bakin wani direba. Har yau abin yana yi mana nauyi a zuciya, domin haƙƙi ne da ya rataya a wuyanmu muka kasa saukewa.

Shi ya sa muke ganin lokaci ya yi da kowane mai riƙe da muƙami a cikinmu zai riƙa daidaita bayanan wayarsa da kwamfutar ofis. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Tun 1996 kamfanin Palm a Amurka ya fito da wata 'yar na'ura ta aljihu mai ajiye sunaye da kalanda da 'yan rubuce-rubuce. Mutum zai ɗora ta a kan wani ɗan mazauni da aka jona da kwamfuta, ya danna maɓallin HotSync, sai na'urorin biyu su duba abin da ya canza tun haɗuwarsu ta ƙarshe, kowace ta karɓi sabon abin da ɗayar ke da shi. Manyanmu da suka riƙe Nokia za su tuna PC Suite, masu BlackBerry ma suna da nasu. A watan Janairun 2022 kamfanin BlackBerry ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa. Na'ura tana mutuwa, kamfani yana sauya hanya, amma wanda ya kwashe bayanansa zuwa kwamfuta bai yi kuka ba.

Yau abin ya fi sauƙi. A wayar Android, idan ka ajiye lamba a asusun Google maimakon kan SIM ko ƙwaƙwalwar waya, kuma ka kunna daidaitawa a cikin saiti, za ka ga lambar a kwamfuta da zarar ka shiga asusun. SIM ba ya ɗaukar fiye da lambobi kamar 250, kuma yana tafiya tare da ɓarawo. Wanda ba ya son intanet zai iya fitar da duk lambobinsa a fayil guda mai suna vCard, ya tura shi kwamfuta da igiyar caji.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Daidaitawa madubi ce: abin da ka goge a waya zai goge a kwamfuta. Idan yaro ya ɗauki wayarka ya share sunaye, sharewar za ta bi ko'ina. Google yana ajiye lambobin da aka goge na kwana 30 kawai. Don haka bayan daidaitawa dole a riƙa cire kwafi daban a ajiye a filash, wanda ba ya canzawa sai an canza shi da hannu.

Mun ji ƙorafin wasu dattawanmu cewa littafin rajista ya ishe mu, kuma ba su yarda a zuba sunayen mutane a intanet ba. Tsoronsu yana da tushe. Sunan mutum da lambarsa da garinsu amana ce, har ma akwai dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023. Amma littafin nan yana cikin durowa a ofis, mutuwa da haɗari kuwa ba sa jiran a buɗe ofis. Kuma mun san yadda gobara da ambaliya suke cinye takardu a kasuwannin Legas. Maganin tsoron shi ne a taƙaita masu riƙe da mabuɗin, a bar littafin yana nan a matsayin shaida ta uku.

Ga abin da za mu kai gaban taron wata. A buɗe asusu guda da sunan ƙungiya, kada ya zama na wani mutum, don kada bayanai su tafi da shi idan ya sauka ko ya koma gida. Mutum uku kacal su san kalmar sirri: shugaba, sakatare da ma'aji. Kowane mamba ya ba da lambar ɗan'uwansa biyu na gida. A ƙarshen kowane wata a cire kwafi, a kuma buga shi a takarda sau biyu a shekara.

Kai ma da ba ka da muƙami, duba wayarka yau ka ga inda lambobinka suke ajiye. Wanda bai iya ba ya zo ofis ranar Asabar bayan La'asar, matasanmu za su taimaka kyauta.

Allah ya kare mu da dukiyoyinmu, ya mayar da kowa gida lafiya.

Sakataren ƙungiya