Batirin babur ba abin ɓoyewa ba ne

A ƙauyukan Makoda babur ke kai taki gona, shi ke kai mara lafiya Dambatta. Shi ya sa nake ganin ɓoye batir bayan roba da kusoshi zalunci ne. Batir ya mutu, ga maƙwabci da nasa lafiyayye, amma bakin wayar jonawa ya kasa kaiwa sai an kwance murfi. Garin cusawa ƙarfe ya haɗa jan kan batir da jikin babur, sai tartsatsi, wani lokaci har waya ta ƙone. Mai sayen babur ya duba mazaunin batir tun a shago, ya ƙi wanda ba shi da kiki. Mai tsohon babur kuma ya sa bakanike ya fito masa da gajeriyar jar waya mai murfi, baƙar wayar jonawa kuma a maƙala ta a jikin inji.