Kayan Lambu Ba Su Kwance Hanjin Da Ya Shaƙe

Manomi da yawa suna fama da ƙaba saboda ɗaukar kaya masu nauyi. Wani lokaci hanji yakan shiga cikinta ya shaƙe, jini ya daina isa gare shi. Haka kuma doki yakan yi, in hanjinsa ya murɗe.

Abin mamaki shi ne, dawowar jinin ma tana da tata ɓarna. A 1981 wani masani a Amurka, Granger, da abokan aikinsa suka gwada wannan a hanjin kyanwoyi. A 1986 kuma aka ga hanjin da aka tsare wa jini awa 3, aka sake shi awa 1, ya fi wanda aka tsare awa 4 cur lalacewa. Dalili kuwa, jini yana zuwa da iskar oksijin, watau wadda ke sa fartanya tsatsa. In ta tarar da hanji a galabaice, sai ta rikiɗe ta riƙa cin fatarsa ta ciki.

To, akwai sinadarai a tsire-tsire masu tare irin wannan tsatsa. Albasa tana da su, haka kurkum da zogale da zoɓo. An ba ɓeraye sinadarin albasa da na kurkum, aka tsare musu jinin hanji, aka ga ɓarnar ta ragu ƙwarai.

Labari ne mai daɗi, amma a lura. Ɓera aka gwada, kuma galibi tun kafin a tsare jinin ake ba shi. Sa'an nan abin da aka ba shi tatacce ne, an auna shi. Saboda haka duk mai tallan da ya ce garinsa yana kwance hanji, kuɗin mutane yake so. Hanjin da ya shaƙe yakan mutu cikin 'yan awoyi, aikin likita kaɗai ke cetonsa.

Wanda ƙabarsa ta yi tauri, ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, kada a tsaya jiƙa masa komai. A kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Dokin da ke birgima yana waiwayen cikinsa kuwa, a nemo masa malamin dabbobi.

Zogale da albasa dai a shuka su a bayan gida, a ci kullum. Wurinsu tukunyar miya ne.