Miƙa Masu Laifi Tsakanin Ƙasashe: Hanyar Doka Ce Ke Kare Wanda Aka Zalunta

A watan Yulin 1984 jami'an kwastam a filin jirgin sama na Stansted da ke Ingila suka buɗe wani akwati, suka tarar da Alhaji Umaru Dikko a sume. Gwamnatin soja ta wancan lokaci na zargin tsohon ministan sufurin da almundahana. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: dangantakar Najeriya da Birtaniya ta yi tsami, Birtaniya ta ƙi miƙa shi, kuma babu kotun da ta tantance gaskiyar zargin. Talakan da aka ce an ci dukiyarsa bai samu komai ba.

A 2021 aka sake bin irin wannan hanya, lokacin da aka dawo da Nnamdi Kanu daga Kenya ba tare da kotun ƙasar ta saurari buƙatar miƙa shi ba. A Oktoban 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce hakan ya saɓa wa doka, ta soke tuhumar. Sai a Disambar 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da shari'a, duk da ta soki yadda aka kawo shi. An ɓata shekaru ana jayayya kan yadda aka kama shi, iyalan waɗanda aka kashe a kudu maso gabas suna jira.

Masu cewa kare haƙƙin wanda ake zargi cin amanar wanda aka zalunta ne ya kamata su dubi wannan. Kamun da aka yi ba bisa ƙa'ida ba makami ne a hannun lauyan wanda ake tuhuma.

Haɗin kai na iya kai wa ga biyan buƙata. An kama Ramon Abbas, wato Hushpuppi, a Dubai a 2020, kuma a 2022 wata kotun Amurka ta ɗaure shi fiye da shekara 11, ta umarce shi ya biya waɗanda ya damfara kimanin dala miliyan 1.7. Amma da Amurka ta nemi a miƙa mata Abba Kyari kan zargin alaƙa da Abbas, zargin da ya musanta, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ƙi a Agustan 2022, saboda yana fuskantar shari'ar da hukumar NDLEA ta shigar. Hukuncin bai yi wa wasu daɗi ba, amma haka doka ta tanada, kuma ƙasar da ke mutunta kotunta ita ce sauran ƙasashe ke yarda su miƙa wa mutum.

Babbar damuwa yanzu tana kan iyakarmu ta arewa. ECOWAS na da yarjejeniyar miƙa masu laifi tun 1994, sai dai Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ɗan bindigar da ya sace mutane a Jibiya ya tsallaka Maraɗi bai san da wata iyaka ba. Wajibi ne Abuja da Yamai su zauna su amince a rubuce kan musayar bayanai, da gabatar da wanda aka kama gaban alƙali kafin miƙa shi, da mayar wa masu dabbobi da dukiya abin da aka ƙwato. In ba haka ba, manomin da aka kora daga gonarsa shi ne zai ci gaba da ɗaukar asarar.