Waƙarka ta bana, wa ka aika wa?

Tun da Disamba ta kama, duk sitatus ɗin da mutum ya buɗe sai ya ci karo da wani allo mai launi-launi, an jera waƙoƙi biyar da mawaƙa biyar, a ƙasa an rubuta cewa wane ya shafe mintoci dubu kaza yana sauraro a bana. Kamfanin Spotify ne ke haɗa wa masu hulɗa da shi wannan lissafi duk ƙarshen shekara, kuma tun da ya shigo Najeriya a 2021 yaranmu na jami'a da na birni suka rungumi abin hannu bibbiyu. Masu bin wannan fili sun san ni da waƙa ba ma faɗa, don na sha ɓata takarda a nan kan Shata da Ɗanƙwairo har wasunku suka ce na ishe su. Abin da ya tsaya min a rai a wannan mako wani ne daban.

Ɗan ƙanena da ke karatu a Kano ya ɗauko nasa allon ya jefa a zauren WhatsApp na danginmu na Bunkure, babu sallama, babu gaisuwa. Zaure ne da ke da baffanninsa da gwaggonninsa da surukan gidan. Wata gwaggonsa da ba ta yi boko ba ta ga lambobi da rubutun Turanci, sai ta aiko da saƙon murya tana sa masa albarka, tana cewa Allah ya ƙara basira, ta ɗauka sakamakon jarrabawa ne. Na kira shi na ce, "Kai, wannan abin wa ka aiko wa?" Ya ce, "Baffa, ai ba wani na aiko wa ba, kowa ma sawa yake yi." Na ce, "To a cikin biyar ɗin nan wacce ka fi so?" Ya yi shiru, sannan ya ce bari ya duba.

Bari ya duba! Waƙar da ya fi so a shekara sai ya tambayi waya.

Wanda ya tashi da Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya san yadda ake ba mutum waƙa. Da kuɗinka za ka sayi kati, kuɗin da ka samu a ƙwadagon dashe ko bugun shinkafa. Ka samu wuri ka zauna da biro, kuma a nan aikin yake, domin jera sunaye ba wasa ba ne. Mahaifi ne farko, sai iyaye mata, uwargida kafin amarya ko da amaryar ce ta haife ka. Sai yayye, sai abokai, sai mai shayin bakin tasha da kake cin bashinsa, sai wadda kake so, ita kuma ba ka isa ka faɗi sunanta ɓaro-ɓaro ba, sai dai ka yi mata laƙabin da ku biyu kaɗai kuka gane, duk da cewa rabin gari ya gane. Idan ka manta wani, ka shirya ba da haƙuri har bayan salla. Ka ba direba mai shiga Kano ya jefa maka a gidan waya, ka dawo ka zauna jira mako da makonni. Ranar da aka karanto, kana iya kasancewa cikin taɓo har gwiwa kana juya ruwa daga wannan fangali zuwa wancan, sai ka hango yaro a guje a kan kunya yana ihu an faɗi sunanka a Kaduna. A daren nan a dandali ba a maganar kowa sai kai. Wanda ka gaisar a Kumurya ko Ƙarfi shi ma yanzu bashi ya hau kansa, sai ya rama. Ta haka mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, wani a Kura, wani a Maraɗi, wani a zangon Kumasi, suka zama aminai, har aka kafa ƙungiyoyin 'yan zaɓi sonka, ana ziyartar juna biki da suna.

Ita waƙar ma a ƙarshe take zuwa. Wani lokaci ka nemi Haruna Uji su sa maka Ɗanmaraya, don shi ne faifan da ke kusa da hannun mai gabatarwa. Babu wanda ya taɓa yin fushi a kan wannan, tunda an karanta sunaye.

Da kaset ya zo, al'adar ba ta mutu ba, hannu kawai ta sauya. Direbobin da ke ɗaukar kwandunan tumatir zuwa kasuwar Mile 12 a Legas su ne gidan wayarmu. Ka je wurin mai rikodin ka ce ya haɗa maka, wannan gefe Shata, wancan gefe Barmani Coge saboda matar yayanka, ka rubuta sunan mai shi a jikin takardar kaset ɗin, wani ma ya sa a ɗauki muryarsa a farko yana ba da labarin gida, wa ya haihu, wa ya rasu, nawa kwando ya kai a Kwanar Gafan. Kaset ɗaya sai ya zagaye ɗakin 'yan ci-rani har zarensa ya tsinke a liƙe da jan farce a ci gaba.

Kada wani ya ce tsoho ya fara kukan zamanin da. A Bunkure har gobe ana ba mutum waƙa hannu da hannu. Je ka shagon caji da yamma ka gani. Mai turi na zaune gaban kwamfutarsa, manomi ya miƙo memori yana cewa a sa masa sababbi, a ƙara masa na bege saboda asuba in zai fita ban ruwa cikin sanyin nan, a ware wa uwargida na biki. Samari kuma a gindin bishiya kai da kai, an buɗe Xender, wannan na cewa wancan, "Wallahi sai ka ji wannan, kai na tuna da na ji ta." Mai turin nan ya fi kowane kamfani sanin waƙar bana a ƙasar Kura da Bunkure, saboda da baki ake gaya masa, kuma yana ganin fuskar mai nema. Ya san wacce 'yan ƙwadago ke ratayo sifika a wuya suna ji a gonar albasa, wacce matan da ke turara shinkafa a Kura ke bi da baki, wacce ɗan acaɓa ke ƙure wa murya tsakanin Barkum da Gurjiya, wacce in ba a sa ta a wajen kamu ba ƙawayen amarya ba za su tashi ba. Ku tuna 2020, lokacin kullen korona, yadda "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta shiga kowane gida. A birni an gan ta a bidiyon matan da ke yi wa mazajensu rawa. A karkara daga waya zuwa waya ta bi, ba tare da an ƙona data ta sisin kwabo ba.

Duk wannan sauraro ba ya shiga lissafin kowa. Na'urar kamfani tana ƙirga wanda ya kunna data ne kawai. Mutumin da gonarsa ba ta bakin kanal, wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 yake auna fetur ɗin injin ban ruwa da kwalba, sannan a 2025 aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, ba zai sayi data don jin waƙar da ya riga ya ji jiya ba. Saboda haka idan aka fito da jerin waƙoƙin shekara na Najeriya, kunnuwan Kadawa da Gafan da Ɗanhassan ba sa ciki. Na sani, turi ba ya kai wa mawaƙi ko kwabo, kuma wannan zalunci ne da ya kamata ƙungiyoyinsu da masu turi su zauna su warware.

Tunda an zo nan, bari in koma kan tsohon mikina. Su mawaƙan, me suka ba mutanen nan da ke ɗauke da su a wuya daga hantsi zuwa la'asar? An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, aka tsara shayar da kadada 22,000 a kashin farko na aikin noman rani na Kogin Kano. Shekara hamsin ke nan da ɗoriya wannan yanki na ciyar da tukwanen miyar ƙasar nan. An ga abin da ya isa a yi masa waƙa. An ga 2016, da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir cikin 'yan kwanaki, magidanta suka tsaya a bakin gona suna hawaye. An ga kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa, wanda aka buɗe a shekarar 2016 ɗin da buri mai yawa, ya yi ta buɗewa yana rufewa. Ana ganin lokacin da kaya ke yin kwantai, a yanka tumatir a shanya a ƙasa a bakin titin Zariya don a tsira da kauɗa. Ana ganin kanal ya cika da ciyawa da yashi, na ƙarshen layi ya kwana a gona yana gadin ruwa, har a zare wa juna lauje. Karɓi memorin kowane ɗan ƙwadago ka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ka gaya min nawa ne suka san da wannan rayuwa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a rabe-raben da ya yi wa makaɗan Hausa, ya ba makaɗan noma gurbinsu a cikin makaɗan sana'a, domin a da gayya ba ta yiwuwa sai da ganga, kuma manomi na da kirarinsa kamar yadda ɗan dambe ke da nasa. Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, yaron da ko direbansa ba ya ganinsa da gashi. Yau in ba soyayya ba sai siyasa.

Ita siyasar kuwa ita ce ta fi ƙona min rai. A yi wa ɗan takara waƙa, a ba mawaƙi mota, a ba manomi amshi. Shi da bai ga taki a kan kari ba, shi ne zai biya mai turi a sa masa waƙar wanda ya yi masa alkawarin takin. Kuma abin kunya, a zaurukan danginmu waƙar da ake aika wa mutum da niyya, ana sane da wanda ake nufi, ita ce ta habaici. Wa ya tura wa ƙanensa waƙar zambo saboda jam'iyyarsu ta bambanta. Kishiya ta ɗora baiti a sitatus ta zauna tana duba ko 'yar'uwarta ta buɗe. Na san gidan da 'yan uwa ciki ɗaya suka daina gaisawa tun zaɓen 2023, kuma da waƙa aka fara. Wato hikimar zaɓar wa mutum waƙa tana nan ba ta ɓace ba, mun dai ajiye ta ne don ranar faɗa. Ranar zumunci kuwa sai mu watsa allon kamfani mu wuce.

Na zauna na saurari biyar ɗin ɗan ƙanena. Biyu daga ciki ba za a iya kunna su a gaban suruki ba, kuma ga shi ya ajiye sunayensu a gaban surukan gidan gaba ɗaya. Yaron ba fitsararre ba ne, na san tarbiyyarsa. Abin da ya faru shi ne bai tuna da kowa ba lokacin da yake turawa. Da gwaggonsa ya nufa da sunanta, da kansa zai tsaya ya tace, ya nemo mata wadda ta dace da ita. Kun tuna hayaniyar da aka yi a 2022 kan "Warr" da "Chass" na Ado Gwanja, aka yi ta kiran Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta ɗauki mataki? Hukuma na iya hana waƙa a takarda, amma ba ta da ma'aikacin da zai bi memori gida-gida. Kunyar wanda za ka miƙa wa ita ce ke tace waƙa tun kafin a kafa hukumar a 2001. Yaron da ya toshe kunnuwansa shi kaɗai shekara guda, ba ya jin abin da gidansu ke ji, gidansu ba sa jin abin da yake ji, ba shi da wanda zai ji wa kunya.

Iyaye ma da laifinsu. Yaushe rabon da wani cikinmu ya kira ɗansa ya ce zo ka ji wannan, ita kakanka ke so, ga dalilin da ya sa aka yi ta? Muna da Bakandamiyar Shata a waya, muna jin ta mu kaɗai a mota, sannan mu zo muna ƙorafin yara ba su san Shata ba, mutumin da ya rasu tun 1999, kafin a haifi yawancinsu.

Shekara ba ta ƙare ba tukuna. Mai karatu, zaɓi waƙa ɗaya da ta taɓa ka a bana, kai da kanka ba waya ba, ko ta bege ce, ko ta soyayya, ko tsohuwa ce da ka sake ganowa. Ka nemi mutum ɗaya da sunansa, ka yi masa sallama, ka tambayi iyali da sanyi, ka gaya masa abin da ya sa shi ka tuna, sannan ka tura. In babu data, shagon caji na nan. Ku kuma mawaƙa, tumatir zai fara sauka gadan-gadan a Kwanar Gafan daga Janairu, kuma daga Kano ba nisa. Ku zo ku wuni da masu jin ku, ku ga abin da suke ciki, ko Allah zai sa baɗi su samu tasu waƙar da za su aika wa juna.